Tarihin Charles Lindbergh, mutumin da ya haɗa New York da Paris cikin sa'o'i 33 da rabi

Tsakanin birnin New York na Amurka da birnin Paris na Faransa akwai tazarar kimanin kilomita 5,800, kuma a yau jirgin fasinja kan cinye ta cikin sa'o'i bakwai zuwa bakwai da rabi. Mutumin da ya fara yin wannan tafiya ta sama ba tare da yada zango ba shi ne Charles Lindbergh, wanda a watan Mayun shekarar 1927, yana ɗan shekaru 25 da haihuwa, ya shafe sa'o'i 33 da minti 30 shi kaɗai a cikin wani ƙaramin jirgi mai inji ɗaya. Wannan tafiya ta mayar da shi ɗaya daga cikin mutanen da suka fi suna a duniya cikin dare guda. Sai dai kuma sunan ya zo masa da tsada, domin shi ne ya jawo aka sace ɗansa na fari aka kashe, kuma shi ne ya ba wa ra'ayoyinsa na siyasa nauyin da daga baya ya zubar masa da ƙima a idon jama'a da dama.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Charles Augustus Lindbergh ne a ranar 4 ga watan Fabrairun 1902 a birnin Detroit na jihar Michigan, amma ya tashi ne a garin Little Falls da ke jihar Minnesota, a wata gona da ke bakin kogin Mississippi. Mahaifinsa haifaffen ƙasar Suwidin ne, lauya, wanda ya wakilci Minnesota a majalisar wakilan Amurka daga 1907 zuwa 1917, kuma ya yi fice wajen adawa da shigar Amurka yaƙin duniya na farko. Mahaifiyarsa, Evangeline, malamar kimiyya ce. Zaman iyayen bai yi daɗi ba, suka raba gida tun yana ƙarami, lamarin da ya sa ya riƙa kaiwa da komowa tsakanin Minnesota da Washington, yana sauya makarantu. Ya taso yaro mai shiru-shiru, mara yawan abokai, wanda injin mota da na noma suka fi ɗaukar hankalinsa a kan littafi.

A shekarar 1920 ya shiga jami'ar Wisconsin domin karatun injiniya, amma bai kai ga kammalawa ba. A farkon 1922 ya bar jami'ar ya nufi garin Lincoln na jihar Nebraska koyon tuƙin jirgin sama. A wancan zamani matuƙan jirgi da dama suna neman abinci ne ta hanyar yawo gari-gari suna yi wa mutanen karkara wasa a sama, suna ɗaukar masu sha'awa na 'yan mintoci a biya su. Lindbergh ya shiga wannan sana'a, yana tafiya a kan fiffiken jirgi yana cikin tashi, yana kuma dirowa da laima. A 1923 ya sayi wani tsohon jirgin soja samfurin Curtiss Jenny a kan dala 500 a jihar Georgia, kuma a cikinsa ne ya fara tashi shi kaɗai.

Daga nan ya shiga makarantar horar da matuƙan jirgin soja a Texas a 1924, ya fito na ɗaya a ajinsu a watan Maris na 1925. A 1926 ya kama aikin jigilar wasiƙu ta sama tsakanin biranen St. Louis da Chicago, tafiyar kusan kilomita 450 da sau da yawa akan yi ta cikin dare, cikin hazo ko dusar ƙanƙara. Sau biyu a wannan shekara yana dirowa da laima bayan hanya ta ɓace masa kuma mai ya ƙare ko ya kusa ƙarewa. Wannan aiki ne ya koya masa tafiyar dare, da lissafin mai, da dogaro da kai.

Gasar dala dubu 25

Tun a shekarar 1919 wani mai otal a New York, haifaffen Faransa, mai suna Raymond Orteig, ya sanya kyautar dala dubu 25 ga duk wanda ya fara tashi daga New York zuwa Paris, ko daga Paris zuwa New York, ba tare da sauka a hanya ba. Ba wai ba a taɓa ƙetare tekun Atlantika ta sama ba ne. A watan Yunin wannan shekara ta 1919 wasu Turawan Birtaniya biyu, John Alcock da Arthur Brown, sun tashi daga tsibirin Newfoundland suka sauka a yammacin ƙasar Ailan, tafiyar kimanin kilomita dubu uku cikin sa'o'i 16. Amma tazarar New York da Paris ta kusan ninka wannan, kuma injunan wancan lokaci ba su da juriyar da za su yi aiki yini da rabi ba tsayawa. Shekaru suka wuce babu wanda ya ci kyautar, har sai da Orteig ya sake sabunta ta.

Zuwa 1926 injuna sun inganta, manyan matuƙa suka fara shiri, kuma nan take gasar ta soma cin rayuka. A watan Satumban 1926 jirgin René Fonck, gwarzon sojan saman Faransa a yaƙin duniya na farko, ya kasa tashi saboda nauyi a filin Roosevelt da ke kusa da New York, ya kama wuta, mutum biyu daga cikin abokan tafiyarsa suka mutu. A watan Afrilun 1927 wasu Amurkawa biyu, Noel Davis da Stanton Wooster, suka rasa rayukansu wajen gwajin jirginsu a jihar Virginia. A ranar 8 ga watan Mayu kuma Faransawa biyu, Charles Nungesser da François Coli, suka tashi daga Paris suka nufi New York, kuma har yau ba a ga gawarsu ko jirginsu ba. Ke nan mutum shida ne suka salwanta kafin Lindbergh ya tashi.

Jirgin da ba shi da gilashin gaba

Galibin masu neman kyautar sun dogara ne da manyan jirage masu inji biyu ko uku da ma'aikata biyu zuwa huɗu. Lissafin Lindbergh ya sha bamban. A ganinsa yawan injuna yawan abin da zai iya lalacewa ne, kuma nauyin mutum na biyu gara a mayar da shi mai. Wasu 'yan kasuwar St. Louis suka amince da shi suka haɗa masa kuɗi, shi ma ya zuba dala dubu biyu da ya tara, aka samu dala dubu 15. Manyan kamfanoni ba su yarda su sayar wa matashin da ba a sani ba jirgi bisa sharuɗɗansa ba, sai wani ƙaramin kamfani mai suna Ryan a birnin San Diego na jihar California ya karɓi aikin a kan dala 10,580. Injiniyan kamfanin Donald Hall da ma'aikatansa suka gama jirgin cikin kwanaki 60, aka raɗa masa suna Spirit of St. Louis domin girmama birnin da ya ɗauki nauyinsa.

An ƙera jirgin ne kacokan domin ɗaukar mai. Injinsa samfurin Wright Whirlwind ne mai ƙarfin doki 223, kuma ya tashi da galan 450 na fetur, wato kimanin lita 1,700, nauyin da ya zarce na jirgin kansa idan babu komai a ciki. Lindbergh ya sa an dasa babban tankin a gabansa, tsakaninsa da inji, don kada ya matse tsakanin su biyun idan jirgin ya faɗi. A sakamakon haka babu gilashin gaba. In yana son ganin gabansa sai dai ya karkata jirgin ya leƙa ta tagar gefe, ko ya duba ta wani ɗan bututu mai madubi da aka maƙala masa. Bai ɗauki rediyo ba, bai ɗauki laima ba, kujerarsa ma ta saƙa ce mara nauyi. Guzurinsa burodi biyar ne masu nama a ciki da ruwan sha.

Hanyar kuma shi ya zana ta da kansa. Da yake duniya a dunƙule take, hanya mafi kusa tsakanin New York da Paris ba ita ce miƙaƙƙen layin da ake gani a shimfiɗaɗɗiyar taswira ba. Takan lanƙwasa ta yi arewa, ta bi ta gabashin Kanada da Newfoundland, ta ratsa teku ta ɓullo a kudancin Ailan. Ya raba wannan hanya gida-gida, kowane gida mil ɗari, wato kilomita 160, ya rubuta inda zai saita kamfas a kowanne. Da kamfas da agogo da wannan lissafi kawai ya yi tafiyar. Har yanzu jiragen fasinja da ke zirga-zirga tsakanin biranen biyu kusan wannan lanƙwasa suke bi.

Sa'o'i 33 da rabi

Ya baro San Diego ranar 10 ga watan Mayu, ya yada zango a St. Louis, ya iso New York ranar 12 ga wata, inda ya tarar da ayarin Richard Byrd da na Clarence Chamberlin su ma suna haramar tashi. A yammacin 19 ga wata aka samu labarin cewa sararin samaniya zai washe a kan teku. Daren nan Lindbergh bai runtsa ba. Da ƙarfe 7:52 na safiyar Juma'a, 20 ga watan Mayun 1927, ya tashi daga filin Roosevelt, wanda ruwan sama ya mayar taɓo. Jirgin ya yi ta tangal-tangal saboda nauyi kafin ya ɗaga, ya tsallake wayoyin tarho da ke ƙarshen filin da tazarar mita shida kacal.

Ya ratsa gaɓar arewa maso gabashin Amurka da yankin Nova Scotia da rana, ya bi ta saman garin St. John's na Newfoundland dab da faɗuwar rana domin a san ya wuce, sannan ya shiga teku. Daga nan babu wanda ya sake jin ɗuriyarsa har washegari. Cikin dare ya hau sama har kimanin mita dubu uku domin guje wa gajimare, amma ƙanƙara ta fara daskarewa a jikin jirgin, ala tilas ya juya ya fita daga hadarin ya riƙa zagaye shi. Da gari ya waye sai hazo, wani lokaci yakan sauko har 'yan mitoci kaɗan a kan igiyar ruwa domin ya gane inda iska ke kaɗawa.

Babban abokin gabarsa dai shi ne barci. Ya bar tagogi a buɗe domin iska mai sanyi ta riƙa dukan fuskarsa, yana buɗe idanunsa da yatsu. A littafin da ya rubuta shekaru da dama bayan haka ya bayyana cewa gajiya ta kai shi ga ganin wasu siffofi kamar na mutane a bayansa cikin jirgin suna yi masa magana. Abin da ya taimake shi shi ne jirgin ba ya tafiya daidai in an sake shi, da ya fara gyangyaɗi sai ya karkace ya farkar da shi.

Bayan kimanin sa'o'i 27 ya hango jiragen ruwa na masunta. Ya sauko ya zagaye su yana ɗaga murya yana tambayar hanyar Ailan, babu wanda ya amsa. Ba da jimawa ba ya ga ƙasa, kuma da ya duba taswira sai ya gane mashigin Dingle ne a kudu maso yammacin Ailan, 'yan kilomitoci kaɗan daga inda ya ƙiyasta zai ɓullo. Ya ratsa kudancin Ingila, ya shiga Faransa ta wajen Cherbourg, ya zagaya hasumiyar Eiffel cikin dare, ya sauka a filin jirgin sama na Le Bourget da ƙarfe 10:22 na daren Asabar, 21 ga watan Mayu, agogon Paris, wanda a lokacin ke gaban na New York da sa'o'i biyar. Idan aka raba tazarar da lokacin, gudunsa bai wuce kilomita 173 a sa'a guda ba, kuma ya sauka da ragowar mai kimanin galan 85. A wancan zamani jiragen ruwa na fasinja mafiya sauri kan ɗauki kwanaki biyar zuwa shida kafin su ƙetare tekun.

Lindbergh ya taho da wasiƙun gabatarwa a aljihu, domin bai zaci za a san ko shi wane ne ba. Sai ya tarar da jama'a fiye da dubu 100 sun cika filin, suka karya shinge, suka ciro shi daga jirgin suka ɗaga shi sama, wasu kuma suka shiga yagar ƙyallen jikin jirgin domin ajiye abin tunawa. Jakadan Amurka Myron Herrick ya sauke shi a gidansa. Daga cikin abubuwan da ya fara yi a Paris akwai ziyarar mahaifiyar Nungesser, abin da ya ƙara masa farin jini a wurin Faransawa da ke juyayin ɓatan nasu.

Abin da tafiyar ta haifar

Shugaban Faransa Gaston Doumergue ya ba shi lambar girma, sarakunan Beljiyam da Ingila suka karɓe shi, shugaban Amurka Calvin Coolidge ya sa jirgin ruwan yaƙi ya dawo da shi gida. A ranar 13 ga watan Yuni miliyoyin mutane suka fito tarbarsa a titunan New York. An ɗaga shi daga muƙamin kyaftin zuwa kanar, majalisar dokoki ta ba shi lambar yabo mafi girma ta soja, kuma mujallar Time ta zaɓe shi gwarzonta na shekara, karo na farko da ta fara wannan al'ada. Makonni biyu kacal bayan saukarsa Chamberlin ya tashi daga New York ya sauka a Jamus, tafiyar da ta fi tasa nisa, amma suna ya riga ya tafi ga wanda ya riga.

Lindbergh ya yi amfani da sunan wajen tallata sufurin sama. Ya zagaya dukkan jihohin Amurka 48 na wancan lokaci da jirginsa, kuma yawan fasinjojin jiragen sama a ƙasar ya tashi daga ƙasa da dubu shida a 1926 zuwa fiye da dubu 170 a 1929. A watan Disamban 1927 ya tashi daga Washington zuwa birnin Meziko cikin sa'o'i 27, inda ya haɗu da Anne Morrow, 'yar jakadan Amurka, wadda ya aura a watan Mayun 1929. Ta koyi tuƙin jirgi da aikin rediyo, ta zama abokiyar tafiyarsa, daga baya kuma ta shahara a matsayin marubuciya.

Shi ne ya tsara hanyar wani kamfani da a 1929 ya fara kai fasinja daga New York zuwa Los Angeles cikin sa'o'i 48, jirgin sama da rana, jirgin ƙasa da dare. Kazalika ya zama mashawarcin kamfanin Pan American. A 1931 shi da Anne suka bi ta arewacin Kanada da Alaska zuwa Japan da Sin, a 1933 kuma suka shafe watanni biyar suna nazarin hanyoyin ƙetare Atlantika, ta Greenland da Iceland da Turai har zuwa Afirka ta Yamma. A watan Disamban wannan shekara suka tashi daga Bathurst, wato Banjul ta yanzu a ƙasar Gambiya, suka sauka a Natal ta Brazil bayan kimanin sa'o'i 16.

Satar ɗansa

A daren 1 ga watan Maris na 1932 aka sace ɗansu na fari, mai watanni 20 da haihuwa, daga ɗakinsa a gidansu da ke kusa da Hopewell a jihar New Jersey. An biya kuɗin fansa dala dubu 50, amma ba a dawo da yaron ba. A ranar 12 ga watan Mayu aka tsinci gawarsa a wani daji 'yan kilomitoci daga gidan. Wannan ta'asa ce ta sa majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ta mayar da satar mutum a ƙetara da shi iyakar jiha laifi na tarayya. A 1934 aka kama wani kafinta ɗan asalin Jamus, Bruno Richard Hauptmann, da wani kaso na kuɗin fansar a hannunsa. An yanke masa hukuncin kisa a 1935, aka zartar a watan Afrilun 1936, kuma har ya mutu yana musanta laifin. 'Yan jarida sun hana iyalin sakat, har ta kai ana bin ɗansu na biyu ana ɗaukar hotonsa, lamarin da ya sa a watan Disamban 1935 suka fice a asirce suka koma Ingila, daga baya kuma Faransa.

A cikin waɗannan shekaru ya ba da gudummawa a wani fagen dabam. Tare da likitan nan ɗan Faransa Alexis Carrel ya ƙera wani famfo na gilashi da ke iya raya sassan jiki a wajen jiki na wani lokaci, aka bayyana shi a 1935. Shi ne kuma ya nemo wa Robert Goddard, mai binciken rokoki, tallafin kuɗi daga iyalin Guggenheim a lokacin da ake yi wa aikinsa dariya.

Jamus da yaƙin duniya na biyu

Daga 1936 zuwa 1938 Lindbergh ya kai ziyara Jamus sau da dama bisa buƙatar jami'in sojan Amurka a Berlin, domin duba ƙarfin rundunar saman Hitler. Abin da ya gani ya burge shi, ya kuma yi amannar cewa Birtaniya da Faransa ba za su iya ja da Jamus a sama ba. A watan Oktoban 1938 Hermann Göring ya ba shi wata lambar girma ta gwamnatin 'yan Nazi. Makonni uku bayan haka aka far wa Yahudawa a duk faɗin Jamus, aka ƙona wuraren ibadarsu aka farfasa shagunansu, amma Lindbergh ya ƙi mayar da lambar duk da kiraye-kirayen da aka yi masa.

Ya dawo Amurka a 1939 ya zama babbar murya ta masu adawa da shigar ƙasar yaƙi, kamar yadda mahaifinsa ya yi a yaƙin farko. Amurkawa da yawa na da wannan ra'ayi a lokacin. Abin da ya bambanta shi shi ne hujjojinsa, domin a wata maƙala da ya buga a ƙarshen 1939 ya kira ga farar fata da su haɗa kai su kare fifikonsu daga sauran jinsuna. A watan Afrilun 1941 shugaba Franklin Roosevelt ya soke shi a bainar jama'a, shi kuma ya ajiye muƙaminsa na soja. A ranar 11 ga watan Satumban 1941, a wani jawabi a birnin Des Moines a ƙarƙashin ƙungiyar America First, ya zargi Birtaniya da Yahudawa da gwamnatin Roosevelt da ingiza Amurka cikin yaƙi. Jaridu daga kowane ɓangare suka yi masa ca, aka zarge shi da ƙyamar Yahudawa, har wasu wurare suka cire sunansa daga tituna da gine-gine. Bai taɓa janye kalaman ba.

Bayan harin Japan a Pearl Harbor a watan Disamban 1941 ya nemi komawa soja, gwamnati ta ƙi. Sai ya yi aiki da kamfanin Ford da wani kamfanin ƙera jirage, kuma a 1944 ya tafi yankin tekun Pasifik a matsayin farar hula, inda ya fita farmaki kimanin sau 50, ya harbo jirgin Japan guda ɗaya. A can ya koya wa matuƙan jiragen yaƙi dabarar tattalin mai da ta ƙara musu nisan tafiya ƙwarai, wato dai irin lissafin da ya kai shi Paris. A 1945 ya ga sansanin gwale-gwale na Dora a Jamus da idonsa.

Shekarunsa na ƙarshe

Sannu a hankali martabarsa ta ɗan farfaɗo. Littafinsa game da tafiyar 1927, wanda ya fito a 1953, ya ci kyautar Pulitzer a 1954, shekarar da shugaba Dwight Eisenhower ya ba shi muƙamin birgediya janar. Ya ci gaba da ba wa Pan American shawara, kuma a ranar 26 ga watan Oktoban 1958 jirgin kamfanin samfurin Boeing 707 ya tashi daga New York da fasinja 111, ya sha mai a Gander, ya sauka a filin Le Bourget bayan sa'o'i takwas da minti 41.

Sai dai a wannan lokaci Lindbergh ya fara shakkar alherin fasahar da ya yi wa hidima. Tafiye-tafiyensa a Afirka ta Gabas, musamman Kenya, a shekarun 1960 sun karkata shi ga kare muhalli. Ya yi fafutikar ceto manyan dabbobin teku da ake farauta, da gaggafar ƙasar Filifin, ya kuma fito fili ya yi adawa da ƙera jiragen fasinja masu gudu fiye da sauti saboda ƙara da gurɓata iska. Majalisar dokokin Amurka ta soke nata shirin a 1971.

Ya rasu ranar 26 ga watan Agustan 1974 a gidansa da ke tsibirin Maui a Hawaii, yana da shekaru 72, bayan fama da cutar sankara. Da ya ga ajali ya kusa sai ya sa aka ɗauko shi daga asibiti a New York, ya tsara yadda za a haƙa kabarinsa, aka binne shi a harabar wata ƙaramar majami'a ba tare da wani biki ba. Shi da Anne sun haifi 'ya'ya shida. A 2003, shekaru biyu bayan rasuwar Anne, gwajin DNA ya tabbatar da cewa ya haifi 'ya'ya uku da wata mata a birnin Munich na Jamus, daga bisani kuma aka gano wasu huɗu da ya haifa da wasu mata biyu a Turai, sirrin da ya ɓoye tun daga ƙarshen shekarun 1950.

Tazarar da ya buɗe ta ci gaba da raguwa bayansa. Daga 1977 zuwa 2003 jirgin Concorde, irin wanda ya yi adawa da shi, yana haɗa Paris da New York cikin kimanin sa'o'i uku da rabi, kafin a dakatar da shi saboda tsada da kuma haɗarin da ya halaka mutum 113 a kusa da Paris a watan Yulin 2000. Tun daga nan tafiyar ta koma sa'o'i bakwai da 'yan kai zuwa Paris, da fiye da takwas a dawowa, domin a can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, tana tura mai zuwa Turai tana kuma tare mai komawa Amurka. Wannan iska ce ta sa Faransawa biyu da suka fara yin tafiyar daga Paris zuwa New York ba tsayawa a 1930, Dieudonné Costes da Maurice Bellonte, suka shafe fiye da sa'o'i 37. A 2002 wani jikan Lindbergh ya maimaita tafiyar kakansa shi kaɗai a ƙaramin jirgi na zamani cikin kimanin sa'o'i 17.

Filin Roosevelt ya zama katafariyar kasuwa tun a shekarun 1950, Le Bourget kuma ya koma filin ƙananan jirage da baje kolin jiragen sama. Jirgin Spirit of St. Louis, wanda Lindbergh ya miƙa wa cibiyar Smithsonian a 1928, yana gidan adana kayan tarihin sufurin sama da ke birnin Washington.